Ampul na LED: haske mai yawa, wuta kaɗan

A Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, magidancin da ya jawo wutar lantarki gidansa ya san nauyin takardar kuɗin wuta, wato faktir ɗin kamfanin NIGELEC. Cikin abubuwan da ke cin wannan wuta, ƙwan lantarki, wanda aka fi sani da ampul, shi ne mafi ƙanƙanta. Amma shi ne ke cikin kowane ɗaki, kuma shi ake kunnawa kullum tun daga magariba har dare ya raba. Saboda haka zaɓen ampul ba ƙaramar magana ba ce, ga aljihun mai gida da kuma ga ƙasa baki ɗaya.

IRI UKU NA AMPUL

Iri na farko shi ne tsohon ampul mai zare, irin wanda Thomas Edison ya fito da shi a Amurka a shekarar 1879. Wuta tana bi ta cikin wani siririn zaren ƙarfe, ya yi zafi har ya ba da haske. Illarsa ita ce, cikin kashi 10 na wutar da yake ci, wajen kashi 9 zafi suke zama. Ke nan mai gida yana biyan kuɗi ne don a ƙara ɗumama masa ɗaki, ko da a watan Afrilu ne. Kuma ba ya wuce awa 1.000 yana aiki.

Iri na biyu shi ne neyon, dogo ko kuma mai lanƙwasa. Ya fi mai zare tattalin wuta ƙwarai, amma akwai sinadarin merkur a cikinsa, wanda guba ne idan kwalbar ta fashe. Don haka ne a shekarar 2022 ƙasashen da suka sa hannu kan yarjejeniyar Minamata suka amince a daina ƙera ƙananan neyon masu lanƙwasa da cinikinsu tsakanin ƙasashe daga ƙarshen 2025.

Iri na uku shi ne LED. Ba shi da zare, ba shi da merkur. Wani ɗan ƙanƙanin ƙwayar sinadari ne ke juya wuta ta zama haske kai tsaye. An samu LED mai jan haske tun 1962, amma farin haske bai yiwu ba sai da masana uku ƴan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka gano hanyar yin mai shuɗin haske a farkon shekarun 1990. Wannan aiki ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2014.

LISSAFIN MAI GIDA

Ampul mai zare na wat 60 da LED na wat 9 haskensu kusan ɗaya ne. A ɗauki gida mai ampul 5, ana kunna kowane awa 5 a dare. In masu zare ne, a wata guda kontar zai ƙirga kilowat-awa 45. In LED ne, ba zai kai 7 ba. Ribar wata ta fi kilowat-awa 38, ta shekara kuwa ta kusa 460. Kowa na iya duba kuɗin kilowat-awa ɗaya a kan faktir ɗinsa, ya ninka, ya ga abin da zai rage masa na cefane ko na littattafan yara.

Sai maganar daɗewa. LED mai kyau yakan yi awa 15.000 ko fiye. In ana kunna shi awa 5 a rana, ya wuce shekara 8 ke nan, alhali mai zare ba ya cika wata 7. Kafin LED ɗaya ya mutu, an sayi mai zare 15. Wanda ya ga LED ya fi tsada a butiki ya juya baya, bai gama lissafi ba.

ABIN DA ZA A DUBA KAFIN A SAYA

Na farko, lumen. Mutane sun saba tambayar wat, amma wat yana nuna yawan wutar da ampul ke ci ne kawai. Lumen shi ne ma'aunin haske, kuma ana rubuta shi a jikin kwali da haruffan "lm". Lumen 450 ya yi daidai da tsohon wat 40, ya isa banɗaki ko ƙaramin zaure. Lumen 800 daidai yake da wat 60, ya isa ɗakin kwana. Lumen 1.500 daidai yake da wat 100, shi ya dace da tsakar gida ko babban falo. In ampul biyu sun ba da lumen ɗaya, mai ƙarancin wat shi ne na zaɓe.

Na biyu, launin haske. Shi ma yana jikin kwali, lamba ce mai harafin K a bayanta. 2700 K haske ne mai ɗan ruwan ɗorawa, mai sanyaya ido, ya dace da ɗakin kwana. 4000 K fari ne matsakaici, yana da kyau ga karatu da ɗinki da madafa. 6500 K fari ne fat mai ɗan shuɗi, shi ya fi yawa a kasuwa. A waje kuwa, lokacin damina, farin haske ya fi mai ruwan ɗorawa tara ƙwari.

Na uku, gindin ampul. Akwai mai murɗawa, ana rubuta masa E27, akwai mai ƙusoshi biyu da ake turawa a juya, shi ne B22. Abin da ya fi sauƙi shi ne a tafi kasuwa da tsohon ampul a hannu.

Na huɗu, ƙarfin wuta. Wutar gida a Nijar volt 220 ce, amma takan yi sama da ƙasa, musamman a unguwannin ƙarshen layi da lokacin zafi. Ampul ɗin da aka rubuta masa 100 zuwa 240 V, ko 85 zuwa 265 V, ya fi jure wannan hali.

Na biyar, inganci. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kasuwa ta cika da ampul marasa sunan kamfani, waɗanda lambar da ke jikin kwalinsu ta fi ƙarfinsu na gaskiya. Kwalin da bai nuna lumen da K da volt ba, abin zargi ne. Ya kamata mai saye ya sa a kunna masa ampul a gabansa, ya kuma tambaya ko za a musanya masa in ya mutu da wuri. In an duba haskensa ta kyamarar salula aka ga baƙaƙen layuka suna gudu, alama ce yana ƙyafƙyaftawa, kuma irin wannan yana gajiyar da idon mai karatu.

ZAFI NE MAƘIYINSA

LED ba ya ƙona hannu kamar mai zare, amma a cikin gindinsa akwai ƙananan kayan lantarki da ba sa son zafi. A ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40, wannan abin lura ne. Kada a kulle shi cikin gilashin da iska ba ta shiga, kada a manna shi dab da rufin kwano. Wanda za a sa a waje kuma ya zamana an yi shi don jure ruwa da ƙura. In hazo ya wuce, a kashe wuta a goge shi da busasshen ƙyalle, domin ƙura tana rage haske.

INDA LAYI BAI KAI BA

A Nijar, wajen mutum ɗaya ne cikin biyar ke da wutar lantarki, akasarinsu a birane. Ga mutanen karkara, amfanin LED ya fi girma. Da yake cinsa kaɗan ne, ƙaramin faifan hasken rana da batir ɗaya sun isa su haskaka ɗaki biyu ko uku. Ɗan makaranta ya yi bitar darasinsa, ajin yaƙi da jahilci ya zauna da dare, ungozoma ta ga abin da take yi, ba hayaƙin kananzir, ba tsoron gobara. Sai dai a kula: yawancin irin waɗannan kaya da volt 12 suke aiki. Ampul na volt 12 in aka sa shi a wutar volt 220, nan take zai ƙone. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar marigayi Farfesa Abdou Moumouni, wanda ya yi shekaru yana bincike kan ƙarfin rana a ofishin ONERSOL.

RABON ƘASA

Tun 1976 layin Birnin Kebbi zuwa Yamai ke kawo wuta daga Nijeriya. Da aka katse wutar a watan Agusta 2023 saboda takunkumin CEDEAO, birane sun sha ɗaukewar wuta har zuwa lokacin da aka maido ta a 2024. An gina tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 a 2018, da ta Gorou Banda mai megawat 30 a 2023. Amma tashar hasken rana ba ta ba da wuta da dare in ba a haɗa ta da batura ba, alhali da magariba ne gidaje ke kunna fitilu gaba ɗaya. A daidai wannan lokaci ne tattali ya fi amfani.

Ƙasar Gana ta nuna misali. A shekarar 2007, da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, gwamnati ta raba ampul masu tattali miliyan 6 kyauta, buƙatar wuta ta lokacin cunkoso ta ragu da megawat 124. Neyon ne aka raba a lokacin. LED na yau ya fi shi tattali.

Ba dole ne mai gida ya canza dukan ampul ɗinsa rana ɗaya ba. Ya fara da wanda ya fi daɗewa a kunne, kamar na ƙofar gida da ke kwana yana ci, sannan na tsakar gida, sannan na ɗakuna. Shugabannin ofisoshi da makarantu da asibitoci su ma su duba abin da ke rataye a rufinsu, su kuma tabbata ana kashe shi in an tashi aiki. Da yayyafi kogi kan cika.