Rabon Lokaci a Jarrabawar Kalkulas: Nazari a kan Tsarin Amurka

A wannan takarda za mu duba wani al'amari da malaman lissafi ba su cika ba shi muhimmanci ba, watau yadda ɗalibi zai raba lokacinsa a ɗakin jarrabawa. Mun zaɓi jarrabawar kalkulas ta AP, wadda hukumar College Board ke shirya wa ɗaliban sakandare a Amurka, domin an ƙayyade wa kowane sashenta mintocinsa, abin da ya sauƙaƙa lissafi. Tsarin shekarar 2024 shi ne madogararmu.

Jarrabawar takan ci awa uku da minti 15. Kashi na farko na zaɓen amsa ne: tambaya 30 cikin minti 60 ba tare da kalkuleta ba, sa'an nan tambaya 15 cikin minti 45 da kalkuleta. Kashi na biyu kuwa tambaya shida ne na rubuta aiki daki-daki, biyu cikin minti 30 da kalkuleta, huɗu cikin awa guda babu ita. Kowace daga cikin shidan nan tana da maki tara, jimla 54 ke nan, kuma kashin biyu nauyinsu ɗaya ne.

To, a nan ne lissafin yake. Tun da tambaya 45 sun yi daidai da maki 54, kowace ɗaya tana da maki 1.2. Ɗalibi yana da minti biyu ga kowace tambaya a sashen farko, watau kowane minti darajarsa maki 0.6 ne. Haka ma yake a kashi na biyu, inda maki tara ke da minti 15. Saboda haka wanda ya kafe minti takwas a kan tambayar zaɓe guda ya ba da lokacin tambaya huɗu domin neman makin ɗaya, kuma babu tabbacin zai samu. A ganinmu wannan ya fi kama ɗalibi mai ƙwazo, domin shi ne yake jin kunyar tsallake tambaya. Maganin shi ne a bi sashen sau biyu: a zagayen farko a amsa duk abin da hanyarsa ta bayyana, a sa wa sauran alama, a komo musu daga baya. Ba ma ba da shawarar duba agogo bayan kowace tambaya, don yana tsinka tunani. Ya isa ɗalibi ya san cewa in minti 30 ya cika, ya kamata ya kai tambaya ta 15. Har wa yau, tun 2011 aka daina rage maki saboda amsar kuskure, don haka barin gurbi ba komai asara ce kawai.

Kashi na biyu ya fi bukatar dabara. Alal misali, a ba da saurin kwararar ruwa cikin tanki, a nemi yawan ruwan da ya taru cikin awa takwas, sa'an nan a tambayi ko saurin yana ƙaruwa a wani lokaci, daga ƙarshe a nemi sa'ad da ruwan ya fi yawa. Sau da yawa ɓangarorin nan ba su dogara da juna ba. Wanda na farko ya gagare shi yana iya samun makin na biyu, tun da duba alamar saurin canji kaɗai ake bukata. Masu gyara kuwa sukan ba da maki ga shimfiɗa aikin daidai ko da amsar ƙarshe ta kauce. Ba a kuma tilasta taƙaita amsar lamba ba. Ɗalibai da yawa sukan ɓata minti biyu suna rage ɓangaren lamba, su kuma jawo kuskure a cikin amsar da ta riga ta yi daidai. Abin da ake nema a amsar kalkuleta shi ne lamba uku bayan ɗigo.

Akwai wata dama da tsarin 2024 ya bayar: a wancan lokacin, cikin awar ƙarshe an yarda ɗalibi ya koma ga tambayoyi biyun farko, amma ba da kalkuleta ba. A wancan tsarin, mai wayo yakan fara gama duk abin da ke bukatar na'urar cikin mintinsa 30, ya rubuta lambobin, ya bar bayanin dalilai zuwa baya.

Ɗalibanmu da za su koyar da babban lissafi na WAEC, wanda shi ma ya ƙunshi kalkulas, ya kamata a koya musu wannan lissafi na maki bisa minti. Muna ba da shawarar a riƙa ba yara tambaya goma cikin minti 20 kowane mako tun daga zangon farko, malami yana rubuta lokacin da kowa ya ajiye alƙalami.