Saƙar kwarashi a ƙasar Magariya da Dungas: ƙaramin aiki mai babban amfani

Da zarar an gama kai amfanin gona rumbu, hunturu ya buso daga gabas, akwai wani aiki da ke farfaɗowa cikin gidajen ƙasar Magariya da Dungas. Aikin nan shi ne saƙar kwarashi. Mace takan zauna kan tabarma bayan ta sauke tukunya, dunƙulen zare yana cikin kwano kusa da ita, tana hira hannunta yana tafiya. Mutane da dama suna ɗaukar abin nan a matsayin rage lokaci kawai. To, ya ku masu karatu, bari mu duba shi da kyau, domin a cikinsa akwai lafiyar jarirai, akwai zumunta, akwai kuma ɗan abin sawa a asusu.

Ƙasar da mutanenta

Magariya tana kudu da birnin Damagaram, kusa da iyakar Nijeriya. Dungas kuwa a da can tana cikin gundumar Magariya, sai a shekarar 2011 aka yanke ta, ta zama gunduma mai cin gashin kanta, tare da Dogo-Dogo, Guci da Malawa. Magariya ta riƙe Bande, Dancawo, Kwaya, Sasumburum, Waca da Yekuwa. Ƙidayar 2012 ta nuna mutum fiye da dubu 570 a gundumar Magariya, da fiye da dubu 350 a ta Dungas. Ƙasa ce ta hatsi da gyaɗa da itacen gawo, mai cinkoson jama'a, inda gona take ƙara ƙanƙancewa duk lokacin da aka raba gado. A irin wannan wuri, duk sana'ar da mace za ta yi da rani ba tare da ta bar gidanta ba, ba abin rainawa ba ce.

Daga mazari zuwa kwarashi

Hannun Bahaushiya ya daɗe da sabawa da zare. Kakanninmu mata suna gurzar auduga da magurji, su shiɓe ta, su kaɗa ta da mazari, suna dangwalar alli don kada yatsa ya yi santsi. Zaren da abawar da suka kaɗa su ake kai wa masaƙa, daga nan a kai marina. Da yadin kanti ya cika kasuwa, kaɗi ya ja da baya, har ya zama yau sai jefi-jefi ake ganin tsohuwa da mazari.

Saƙar allura kuwa daga nesa ta zo mana. Safa mafi tsufa da masana suka tabbatar an saƙa su da allura an same su ne a Masar, na auduga ne masu fari da shuɗi, kuma sun kai wajen shekara 800 zuwa 1000. Daga ƙasashen Musulmi ne sana'ar ta ƙetara zuwa Turai. Kwarashi, wato allura ɗaya mai ƙugiya a baki, ya bazu a Turai cikin ƙarni na 19, kuma sunan ma daga Faransanci yake. Ya iso wurinmu ta hanyar lakwal da gidajen koyon sana'a na mata, waɗanda aka fi sani da fuwaye. Bayan samun mulkin kai, aikin animasiyon na mata da aka soma a 1966, da ƙungiyar matan Nijar da aka kafa a 1975, sun tara mata wuri guda don koyon tsabta, renon yara da aikin hannu. Amma babbar makarantar kwarashi ita ce tsakar gida: ya ta koya wa ƙanwa, maƙwabciya ta koya wa amarya.

Ya kamata a rarrabe abu biyu. Hular kube da damanga ɗinki ne, ana yin su da allura da zare a kan ƙyalle. Kwarashi da allura biyu kuwa saƙa ne, domin daga zare zalla ake fitar da abin, ƙulli bisa ƙulli, layi bisa layi.

Hular jariri ba ado ba ce kawai

A watan Disamba da Janairu, sanyin dare a jihar Damagaram yakan sauka ƙasa da digiri 15. Babba zai ja bargo, ko ya matsa kusa da wuta. Jariri sabon haihuwa ba ya da wannan dabara. Jikinsa ba ya riƙe ɗumi kamar na babba, kuma kansa, wanda yake da girma in an gwada shi da sauran jiki, yana zubar da ɗumi da sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikin jariri ya tsaya tsakanin digiri 36,5 da 37,5. In ya faɗi ƙasa da haka, yaro yakan yi laƙwas, ya ƙi kama nono, cuta ta samu ƙofa. Haɗarin ya fi tsanani ga bakwaini da wanda aka haifa bai kai kilo 2,5 ba.

Don irin waɗannan yara ne likitoci a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya suka fito da wata dabara a 1978: a kwantar da jariri a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a ɗaure shi da zane. A cikin wannan dabara, hula da safa suna daga cikin ɗan abin da ake barin yaro da shi, domin ƙirjin uwa ba ya rufe kai. Ashe ke nan hular da goggo ta saƙa cikin dare biyu tana taya ungozoma da likita aiki. Rigakafi, in ji Bahaushe, ya fi magani.

Sai dai akwai abin kula guda uku. Na ɗaya, kada a sa wa hular jariri igiya mai tsawo ko duwatsun ado da zai iya haɗiyewa. Na biyu, yawancin abin da ake kira ulu a kasuwanninmu ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne, kuma yana narkewa in wuta ta taɓa shi. Saboda haka a nisanta shi da garwashin ɗakin mai jego. Na uku, in rana ta ɗaga ko jikin yaro ya yi zafi, a cire hular, a kuma riƙa wanke ta da sabulu.

Zumunta da ibada

Ranar suna, kwana bakwai da haihuwa, ƙawaye da dangi sukan zo da abin biki. Wadda ta ba da kuɗi an rubuta mata, za a rama ranar nata. Wadda ta kawo hula da safa da riga na saƙar hannunta kuwa ta ba da kwanakinta ne, kuma mai jego ba ta mantawa. Sau da yawa kayan nan sukan wuce daga wa zuwa ƙane, har a ara wa maƙwabta. Haka kuma ɗakin amarya: marufin kwano da shimfiɗar tebur da ƙannen uwa suka saƙa suna cikin abin da ƴan ganin ɗaki ke yabawa.

Addini ma ya ba aikin nan gurbi. Dattijon da ke fita sallar asuba cikin ɗari yana bukatar hula mai rufe kunne. Farar hular nan mai kama kai, wadda ake yi wa laƙabi da tashi-ka-fiye-naci, ana saƙa irinta da kwarashi, kuma kasuwarta takan buɗe in azumi ya yi nisa, Salla ta matso. Almajirin da ke kwana a zaure, da maraya, da tsohuwar da ba ta da kowa, duk wuraren sadaka ne. Matar da ba ta da kuɗin bayarwa tana iya bayar da aikin yatsunta, ladan kuwa yana wurin Allah.

Ciniki da abokan gasa

Zaren yakan shigo ne ta hannun ƴan kasuwa, da yawansa daga Kano, ta kasuwannin bakin iyaka irin ta Maigatari mai ci ranar Alhamis. Don haka in canji tsakanin sefa da naira ya motsa, ko iyaka ta rufe kamar yadda aka gani a 2019 da 2023, mai saƙa a Dungas takan ji a jikinta. Ga kuma gwanjo da kayan inji na Sin, masu araha, waɗanda hannu ba zai iya tsere da su ba. Abin da ya rage wa mai kwarashi shi ne inganci da yin abu daidai da awon mai shi.

Nan ne karatu yake shigowa. Saƙa lissafi ce: a ƙirga ƙulli, a ƙirga layi, a ƙara nan, a rage can. Ciniki ma haka. Misali, in mace ta sayi zare na jaka guda, ta fitar da hula huɗu, ta sayar da kowace dala 70, ta samu dala 280. In ta cire dala 200 na zare, ladan kwanakinta dala 80 ne kacal. Wadda ta yi yaƙi da jahilci za ta rubuta wannan a littafi, ta gane ko riba take ci ko uwar kuɗi. Ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, sun nuna hanya: a haɗa kuɗi, a sari zare da yawa, farashi ya sauko.

Kira ga kowa

Ga magadan gari da ma'aikatan yaƙi da jahilci: a sa darasin awo da lissafin saƙa cikin ajin mata. Ga ma'aikatan gidajen haihuwa: a gaya wa mai ciki tun wajen awo ta tanadi hula da safa kafin ranar haihuwa. Ga mazaje: kuɗin dunƙulen zare bai kai na magani ba. Ga iyayenmu mata da suka iya: kowace ta zaunar da yarinya guda kusa da ita a hunturun bana, ta miƙa mata kwarashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya raya mana zuri'a, ya sa albarka a sana'a.