Maganin Ciwon Damuwa da Azumin Watan Ramadan

 

Ƴan uwa Musulmi, idan watan azumi ya kama, akwai wasu bayin Allah da ke shiga ruɗani, su ne waɗanda likita ya ɗora a kan maganin ciwon damuwa. Wasu sukan tambaya ko su ajiye ƙwayar sai bayan Salla. Wasu ba su tambayar kowa, ajiyewa suke yi a ɓoye, domin tun farko suna kunyar a san suna sha. Amsar ita ce kada a ajiye ba da sanin likita ba.

Ciwon damuwa dabam yake da ɓacin ran da kan zo ya wuce. Mutum ne zai yi mako biyu ko fiye zuciyarsa a ƙuntace, abin da yake so a da ya fita ransa, barci ya gagare shi, abinci ya daina masa daɗi, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani. A ƙasarmu sau da yawa da ciwon kai ko faɗuwar gaba ko kasala ake zuwa asibiti, a yi ta awon zazzaɓi ba a ga kome ba. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan ciwo a kan mutum miliyan 280. Wanda ke ce musu raunin imani ne, ya tuna cewa Annabi Yaƙuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari. Malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya rarrabe baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda kan faɗo wa mutum ba dalili bayyananne, ya nuna na biyun yana da tushe a jiki, yana bukatar a yi wa jiki magani. Addu'a da shan magani ba su karo da juna.

Magungunan zamani na wannan ciwo ba su daɗe ba. Wani likita a Suwizalan, Roland Kuhn, ya bayyana amfanin imifiramin a 1957, aka kuma amince da fuloksetin a Amurka a 1987. Biyu da aka fi sani su ne amitiriftilin, wanda ake sayarwa da sunan Laroxyl, da shi fuloksetin ɗin. Aikinsu a kan sinadaran da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da su ne, kuma a hankali suke yinsa. Ba kamar farasitamol ba ne da za a sha yanzu kai ya sarara an jima. Sai an yi mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci shida, kafin a ga sauƙi, alhali bushewar baki ko tashin zuciya tun kwanakin farko suke zuwa. A nan mutane da yawa ke karaya, su jefar da magani ana gab da cin amfaninsa. Bayan an warke ma ana ci gaba da sha aƙalla wata shida, don kada ciwon ya dawo. Wanda ya yanke rana ɗaya yana iya gamuwa da jiri, rashin barci da saurin fushi. Shi ya sa likita ke ragewa kaɗan-kaɗan. Wannan ba jaraba ba ce irin ta tramol, domin ƙwayar ba ta bugarwa, rai kuma ba ya kwaɗayinta.

To, yaya mai azumi zai yi? Haɗiye ƙwaya da rana yana karya azumi, wannan ba saɓani. Amma galibin waɗannan magunguna sau ɗaya ake sha a yini, saboda haka likita na iya mayar da lokacin tsakanin buɗa-baki da sahur. Amitiriftilin yana sa barci, sai ya fi dacewa bayan sallar asham, a kuma sa wani ya tashi mutum sahur. Yana busar da baki, yana sa jiri idan an miƙe da sauri, wanda kuwa ya san zafin Yamai da kan haura digiri 40 ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne; a sha ruwa sosai da dare. Fuloksetin kan hana wasu barci, sai a bar shi zuwa sahur. Wanda ya manta, kada ya haɗa na kwana biyu a lokaci guda. Masu ciwon da ke kai mutum sama da ƙasa, yau murna ta wuce kima gobe ƙunci, lamarinsu ya fi tsanani: rashin barcin goman ƙarshe na iya tayar musu da ciwo, mai shan litiyom kuwa ƙarancin ruwa a jiki na iya mayar masa da maganin guba. Idan likita amintacce ya ce azumi zai cutar, Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame a aya ta 184 da ta 185 cikin Suratul Baƙara, ya sha ya rama bayan ya samu sauƙi.

Kada a sayi wannan magani wajen masu talla a faranti a bakin kasuwa ko tashar mota, inda ƙwaya ke yini a rana, mai sayarwa kuma bai san abin da ya ɗauko ba. A saya a farmasi da takardar likita. Kada a ba maƙwabci don an ga alamunsa sun yi kama. Haɗa shi da tramol na iya kawo farfaɗiya da zazzaɓi mai kai wa ga halaka. Mai ciki, mai shayarwa da mai ciwon zuciya su faɗa wa likita tun kafin ya rubuta, haka mai shan jiƙe-jiƙe.

Sauran nauyin yana kan iyali. Amitiriftilin idan aka sha da yawa yana iya tsayar da zuciya, don haka a kulle shi daga yara, idan kuma marar lafiya ya taɓa ambaton gajiya da rayuwa, wani babba a gida ya riƙe kwalin ya riƙa ba shi na kullum. A makonnin farko a sa ido, musamman ga ƴan ƙasa da shekara 25, domin a wannan lokaci tunanin halaka kai na iya ƙaruwa. Wanda aka ji yana irin wannan magana, kada a tsaya yi masa faɗa, kada kuma a jira Salla ta wuce; a kai shi asibitin unguwa a ranar, ko sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Babban Asibitin Ƙasa a nan Yamai, wanda ake kira Pabiyon E. Mutane na tsoron jin sunan wurin, amma da yawa daga masu zuwa can ganin likita suke yi, su karɓi takardar magani su koma gida su yi buɗa-baki da iyalinsu.