Gasket Na Manifol: Yadda Ɗan Ƙaramin Kayan Gyara Ke Cinye Ribar Masu Motocin Haya

A kasuwar Ladipo da ke Mushin a birnin Ikko, da kasuwar Nkwo ta Nnewi, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, gasket na manifol yana cikin kayan gyaran mota mafi araha. Duk da haka, zaɓen wanda bai dace ba yana iya jawo wa mai motar haya asarar da ta ninka kuɗinsa sau da yawa, musamman tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur.

Injin mota yana da manifol iri biyu. Na farko shi ne mai rarraba iska zuwa kowace silinda, ko iska haɗe da fetur a motocin da ke da kabureta. Na biyu kuwa shi ke tattara hayaƙin da ya fito daga silindoji ya miƙa shi ga salansa. Dukansu ana ɗaure su ne a jikin kan silinda, gasket kuwa shi ne shimfiɗar da ake sakawa a tsakani domin toshe duk wata kafa.

Ayyukan gasket ɗin biyu sun sha bamban, don haka ba a yin su da abu ɗaya. Na ɓangaren hayaƙi yana fama da zafin da kan haura digiri 700 a ma'aunin Selshiyos idan mota ta ɗauki kaya, ga kuma ƙarfen manifol da ke buɗewa in ya yi zafi, ya tsuke in ya huce. Saboda haka ake yin sa da fallayen ƙarfe da aka jera bisa juna, ko da girafayit mai ƙarfe a tsakiya. Na ɓangaren iska bai gamuwa da irin wannan zafi. A tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, waɗanda kamfanin PAN ya yi shekaru yana harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antarsa a 1975, akan yi shi da wata takarda mai kauri. A yawancin motocin zamani masu manifol na roba, gasket ɗin zobba ne na roba mai laushi da ke zama cikin kwarmin da aka tanadar musu.

Idan gasket na iska ya huje, inji yakan zuƙi iskar da ba a auna ba, sai fetur ya yi kaɗan a cikin haɗin. Alamunsa su ne karkarwar inji a silo, da wani sauti mai kama da fito, da raguwar ƙarfi. A wasu injuna, musamman masu silinda shida ko takwas, ruwan lagireto yana ratsawa ta wannan gasket. In ya fashe, ruwa na iya gauraya da baƙin mai, abin da kan kai ga sauke inji baki ɗaya.

Hujewar gasket na hayaƙi kuwa takan bayyana da ƙarar tak-tak da sassafe, wadda ke raguwa idan inji ya ɗumama, da kuma baƙin kunkunniya a bakin manifol. A motoci masu ƙwaƙwalwa, iskar waje da ke kutsawa ta wannan kafa tana ruɗar na'urar auna oksijin, sai ƙwaƙwalwar ta ƙara yawan fetur. A ƙaddara, a misali, bas ta ƙara shan lita 2 a kowace rana. A kwanaki 26 na aiki, lita 52 ke nan a wata guda, kuma mai bas goma sai ya ninka wannan sau goma. Bayan asarar kuɗi akwai haɗarin rai, domin hayaƙin yana ɗauke da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari, kuma tana iya shiga inda direba da fasinjoji suke.

Tun bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, wanda ya karya darajar Naira, tsofaffin motoci da kayan gyaran da ake kira tokumbo suka mamaye kasuwa. Sakin Naira ga kasuwa a watan Yunin 2023 ya ƙara tsadar kayan da ake shigowa da su, abin da ke tura masu saye ga mafi araha. Sai dai gasket ba ya cikin kayan da ake amfani da tsohonsu, domin da zarar an matse shi sau ɗaya, ya ɗauki siffar wurin. Har ila yau, a aikin sauya shi, ladan makanike da ranar da mota ta rasa ba ta fita aiki ba sukan fi kuɗin gasket ɗin nesa ba kusa ba. Wanda ya sayi jabu zai biya waɗannan sau biyu. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Matakin farko wajen saye shi ne sanin lambar inji, domin mota samfuri ɗaya kan zo da injuna daban-daban, kuma motoci da dama a ƙasar nan an riga an sauya musu inji, ta yadda lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 ba za ta wadatar ba. Yana da kyau a tafi kasuwa da tsohon gasket, a ɗora shi kan sabon, a tabbatar ramukan iska da na noti sun yi daidai, kaurin ma ya zo ɗaya. Ban da na kamfanin da ya ƙera motar, akwai sanannun masana'antu irin su Elring da Victor Reinz da Fel-Pro, amma da yake kwali yana da sauƙin kwaikwayo, dillali amintacce mai bayar da rasit shi ne babbar kariya.

Gasket mai kyau ma yakan lalace a hannun mai gaggawa. Dole ne a kankare fuskokin biyu su fita fes, a duba ko manifol ya lanƙwashe, a sauya notocin da suka yi tsatsa, sa'an nan a ɗaure su daga tsakiya zuwa gefe da sifana mai auna ƙarfi, bisa adadin da kamfani ya ƙayyade. Lafta gam a kan gasket, kamar yadda wasu kanikawa suka saba, ba ya gyara lanƙwasasshen ƙarfe, kuma gam na yau da kullum ba ya jure zafin hayaƙi.

Ga dillalai, ajiye kaya bisa lambar inji yana rage yawan kayan da ake dawowa da su. Ga masu motocin haya kuwa, rubuta litocin da kowace mota ke sha a mako shi ne zai nuna hujewar gasket tun kafin ƙararsa ta kai kunnen direba.