Wasiƙa da Saƙo

Da zarar an gama girbi, an zuba hatsi cikin rumbu, sai ƙauyuka da yawa na jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa su rage mutane. Samari su tafi cin rani. Waɗansu su nufi Yamai ko Agadas, waɗansu Kano ko Ikko, waɗansu har Abijan. Ƴan lakwal da suka ci jarrabawa su tafi kwaleji cikin birni. Ɗiya mace kuma a kai ta ɗakin miji wani gari mai nisa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Amma ƙafa ba ta kai ko'ina. Inda ƙafa ta kasa zuwa, can ake aika wasiƙa da saƙo.

Wasiƙa magana ce da aka zuba bisa takarda. Saƙo kuwa kaya ne da aka ƙunshe aka aika wa wani. Dukansu biyu amana ne, don suna bi ta hannun mutane da yawa kafin su kai ga mai su.

Amfanin wasiƙa

Yau salula ta shiga ƙauyuka. Mutum yana kiran ɗan'uwansa da ke Abijan, su gaisa nan take. Duk da haka salula ba ta kashe wasiƙa ba. Maganar baki tana wucewa, ana kuma mantuwa da ita. Abin da aka rubuta yana nan. Ranar biki, yawan bashi, sunan magani, lissafin kayan da aka aika, duk idan suna bisa takarda babu gardama. Wasiƙa ba ta biɗar caji, ba ta biɗar kuɗin kira. Mai kewar gida yana iya ajiye ta cikin aljihu, ya karanta yau, ya sake karantawa gobe. Kuma kowane mutum da irin rubutun hannunsa. Uba yana ganin takarda ya gane hannun ɗansa tun bai karanta ba.

Yadda ake yi a zamanin da

Tun kafin zuwan Turawa ana aika wasiƙu a ƙasar Hausa. Malamai ke rubutawa, da alƙalamin kara da tawada, mafi yawa cikin Larabci. Wasiƙar sarki tana ɗauke da hatiminsa, don a tabbata daga gare shi ta fito. Manzo ya hau doki ya kai ta. A farkon ƙarni na 19, Muhammadu Bello na Sakkwato da Shehu al-Kanemi na Barno sun yi ta musayar wasiƙu a kan maganar jihadi, kuma har yau masana suna karanta su.

Talaka kuwa fatake yake ba saƙonsa, ko masu ayarin raƙuma. Saƙo yakan yi wata da watanni bisa hanya. Wani matafiyi Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ake kira Abdul Karim, ya sauka Damagaram a ƙarshen shekarar 1852, ya zauna yana jiran guzuri. A farkon 1853 saƙonsa ya iso daga arewa. Kuɗin azurfa ne aka ɓoye cikin akwatunan sukari, don kada a gane abin da ke ciki. A lokacin nan hanya ba ta da tabbas, sai da dabara.

Tambur, wato ƴar takardar nan da ake mannawa bisa ambulan, an fara yin shi a Ingila cikin 1840. Kafin nan, yawanci wanda aka kawo wa wasiƙa shi ke biyan kuɗinta. Tambur na farko yana ɗauke da hoton kan Sarauniya Biktoriya. A Nijeriya ma tamburan zamanin Ingilishi kan sarkinsu ke bisa, shi ya sa can suke kiran tambur «kan sarki». Cikin 1874 ƙasashe suka taru a birnin Bern na ƙasar Suwis, suka kafa ƙungiyar gidajen waya ta duniya. Suka yarda kowace ƙasa ta isar da wasiƙun da suka fito daga sauran. Nijar ta shiga wannan ƙungiya cikin 1961. Saboda haka tambur da aka saya a Tawa ya isa ya kai wasiƙa har Makka.

Sassan wasiƙa

Wasiƙa mai kyau tana da sassa shida:

1. Sunan gari da kwanan wata, a sama, hannun dama.
2. Sunan wanda ake rubuta wa.
3. Gaisuwa. Ba a faɗa wa mutum magana ba sallama.
4. Dalilin wasiƙa. Nan ake faɗin abin da ya sa aka rubuta, magana ɗaya bayan ɗaya.
5. Gaisuwar ƴan'uwa da addu'a.
6. Sunan mai wasiƙa. Idan wani ne ya rubuta masa, shi ma ya sa sunansa.

Ga misalin wasiƙar da wata tsohuwa ta sa jikanta ya rubuta wa autanta da ke aiki a Agadas:

*Gazawa, Talata 12 ga Nuwamba 2024*

*Zuwa ga ɗana Isufu,*

*Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Ina aiki, ina sanyin Agadas?*

*Bayan gaisuwa, ina sanar da kai mun gama girbi. Mun samu hatsi dami 60. Wake bai yi kyau ba, don ruwa ya ɗauke da wuri. Jikka 20 da ka aiko sun iso. An biya bashin taki jikka 12, saura an saya wa babanka magani, ya kuwa ji sauƙi. An sa bikin ƙanwarka Rabi watan gobe, ranar 20. In ka samu hali ka zo.*

*Ga saƙo nan cikin kwali ɗaya: aya tiya biyu, ƙuli-ƙuli tiya ɗaya, garin kuka, daddawa da yaji. Ka ɗibar wa maigidanka aya. In ya iso ka sanar da mu.*

*Babanka da yayyenka duk suna gaishe ka. Ka riƙe salla. Allah ya yi maka albarka, ya sada mu da alheri.*

*Innarka Hadiza. Wanda ya rubuta: ɗanka Sani, na aji biyar.*

Wannan wasiƙa gajera ce, amma ba abin da ta bari. Ta faɗi kuɗin da aka samu da abin da aka yi da su. Ta faɗi ranar biki. Ta lissafa kayan da ke cikin kwali.

Amanar mai rubutu

A ƙauyuka akwai manya da yawa da ba su yi boko ba. Idan suna son wasiƙa, ɗan lakwal suke kira. Yaron da aka kira ya zama bakin mai magana, ya kuma zama kunnen mai saurare. Wannan babban aiki ne, kuma yana da dokoki huɗu.

Ta farko, ya rubuta abin da aka faɗa masa kaɗai. Kada ya ƙara, kada ya rage. Idan tsohuwa ta ce jikka 12, kada ya rubuta 21. Kuskuren lamba ɗaya yana iya haɗa uwa da ɗanta faɗa. Idan aka ce mutum ba ya jin daɗi, kada ya rubuta ciwo ya yi tsanani, ya ta da hankalin wanda ke nesa, har ya bar aikinsa ya taho.

Ta biyu, idan ya gama, ya karanta wa mai wasiƙa tun daga farko har ƙarshe, don a gyara abin da ba daidai ba. Wanda ya iya rubuta Hausa ya huta da fassara: yadda magana ta fito daga baki, haka za ta sauka bisa takarda.

Ta uku, ya san kunya. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, mace kuma ba ta faɗin sunan mijinta. Kada yaro ya matsa musu. Cikin wasiƙa ya rubuta «maigida», ko yadda suka saba kira. Sunan gaskiya sai bisa ambulan.

Ta huɗu, ya riƙe asiri. Abin da ya ji wurin rubutu, na bashi ne, na aure ne, ko na rashin lafiya, ba na hira ba ne a dandali. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Yaron da ya tona asirin mutum sau ɗaya, ba mai sake kiransa. Haka kuma ba a buɗe wasiƙar wani, ko da ta ɗan'uwa ce.

Ambulan da gidan waya

Idan an gama, sai a ninke takarda a sa cikin ambulan, a liƙe. A tsakiya ake rubuta adireshi: cikakken sunan mutum, lambar akwatinsa na gidan waya, garinsa da ƙasarsa. A rubuta da manyan baƙaƙen boko, da bik, ba da fensir ba. Tambur yana zama a sama, hannun dama. A bayan ambulan mai aikawa ya sa sunansa da adireshinsa, don wasiƙa ta komo idan ba a samu mai ita ba.

Lambar akwati tana da muhimmanci. Faransawa suna gajarta ta da baƙaƙe biyu, B.P. A gidan waya akwai ƙananan akwatuna jere, kowane da lambarsa da makullinsa. Cikin su ake zuba wasiƙu, mai akwati ya zo ya ɗauka. Wanda ba shi da akwati yana iya aron na lakwal, ko na wani ɗan kasuwa da ya yarda.

Ma'aikaci yana auna wasiƙa bisa sikeli. Nauyinta da nisan ƙasar da za ta su ke nuna kuɗin tambur. Sa'an nan ya buga hatimi bisa tambur. Hatimin yana nuna sunan gari da kwanan wata, yana kuma hana a sake aiki da wannan tambur. Daga nan a rarraba wasiƙu gari gari, a zuba cikin jakunkuna. Ta Damagaram mai zuwa ƙasar waje sai ta bi ta Maraɗi, Ƙwanni da Doso, tafiyar kusan kilomita 900, ta kai Yamai, kana ta shiga jirgin sama.

Haɗa saƙo

Ba kowane abu ake aikawa ba. Abin da ke da ruwa a jikinsa yana ruɓa, don ƙwayoyin da ke ɓata abinci sai da laima suke yaɗuwa. Ɗanyen tumatir, ɗanyen nama da fura ba su jure kwana biyu cikin zafin mota. Busasshen abu kuwa yana daɗewa. Shi ya sa saƙon gida yawanci kilishi ne, ko cuku, dabino, aya, dakuwa, alkaki, soyayyar fara, busasshen zogale ko kuɓewa.

Ga yadda ake haɗawa:

- A tabbata kowane abu ya bushe ƙwarai kafin a ƙunshe shi.
- A ƙulla kowane iri dabam. Yaji ya zube cikin dakuwa, an yi hasarar duka biyu.
- Kada a haɗa sabulu ko turare da abinci, don abinci yana ɗaukar ƙanshinsu.
- Man shanu yana narkewa. A zuba shi cikin kwalba mai murfi, a ɗaure bakin.
- Mai nauyi a ƙasa, mai saurin murƙushewa a sama. A cike gurbi da tsumma ko takarda.
- A ɗaure kwali da igiya, a rubuta sunan mai shi da garinsa da lambar wayarsa gefe biyu.
- A sa takardar lissafin kaya a ciki.

Ba a aika fetur, kananzir, ashana ko wani abu mai kama wuta. Ba a ɓoye kuɗi cikin kaya ko cikin wasiƙa. Idan sun ɓace ba mai shaida. Zamanin Abdul Karim ya wuce. Yau akwai gidajen aika kuɗi masu ba da rasit.

Saƙo ta tasha

Mutane da yawa ta tasha suke aika saƙo. Kamfanonin manyan motoci suna da wurin karɓar kaya. Suna karɓar kuɗi, su ba da rasit mai lamba. A adana rasit, a sanar da mai saƙo lambar da ranar da mota ta tashi. Idan direba aka ba hannu da hannu, a riƙe sunansa da lambar motarsa.

Wani lokaci matafiyi ake ba. A nan ma akwai ladabi. Kada a ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa. A buɗe a nuna masa abin da ke ciki, musamman in zai ƙetare iyaka, don ƴan duwan suna bincike, kuma wanda aka kama da kaya shi ke amsa tambaya. Matafiyi kuma kada ya karɓi ƙunshin da bai san cikinsa ba daga hannun wanda bai sani ba.

Amsa

Aikin bai ƙare ba sai amsa ta komo. Wanda ya samu saƙo ya duba kaya da takardar lissafi, ya sallami ɗan aike da godiya. Yaba kyauta tukuici. Sa'an nan ya sanar da gida da wuri. Tsohuwar da ta kwana uku tana suyar ƙuli-ƙuli ba ta samun kwanciyar hankali sai ta ji cewa ya iso hannun ɗanta.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin wasiƙa da saƙo?
2. A wace ƙasa aka fara yin tambur, kuma cikin wace shekara?
3. Mene ne amfanin hatimin da ake bugawa bisa tambur?
4. Waɗanne dokoki huɗu ne ke kan mai rubuta wa wani wasiƙa?
5. Don me kilishi ya fi ɗanyen nama daɗewa bisa hanya?

Aiki

Kowane ɗalibi ya rubuta amsar da Isufu zai aika wa innarsa. Ya ninke takarda ya yi ambulan, ya rubuta adireshi gaba da baya.