Ina Ya Kamata Ka Ɗaura Kyamarar Bidiyo Idan Za Ka Hau Babur?

Ƙananan kyamarorin nan irin su GoPro, DJI Osmo Action da Insta360 sun fara yawa a hannun matasa masu ɗaukar bidiyon tafiya don TikTok da YouTube. Sai dai da yawa sukan sayi kyamara mai tsada, su dawo gida su tarar hoton yana rawa, ko ƙarar iska ta cinye magana, ko kuma tankin mai kawai aka ɗauka tun daga farko har ƙarshe. Galibi ba laifin kyamarar ba ne, wurin da aka ɗaura ta ne.

Wurin ɗaurawa shi ke yanke abubuwa 3: abin da kyamarar za ta gani, yawan girgizar da za ta sha, da kuma illar da za ta yi maka idan aka faɗi.

Me ya sa girgiza ke ɓata hoto?

Yawancin baburan da ke kan titunanmu, irin su Bajaj Boxer, Jincheng da Haojue, inji mai silinda ɗaya gare su, kuma irin wannan inji yana aika karkarwa cikin ƙarfen babur gaba ɗaya. Ita kuma kyamara ba ta ɗaukar hoto a dunƙule, layi-layi take karanta shi daga sama zuwa ƙasa cikin sauri. Idan tana karkarwa a daidai lokacin, sai layukan su goce wa juna, ka ga turken wuta yana lanƙwasa kamar ana kallonsa a cikin ruwa.

Kamfanoni sun yi ƙoƙari a kan wannan. GoPro ta kawo fasahar daidaita hoto ta HyperSmooth a HERO7 Black a 2018, DJI kuma tana da RockSteady. Suna gyara tangal-tangal na ramuka sosai, amma ƙaramar karkarwar inji mai saurin gaske takan fi ƙarfinsu. Abin da ya fi shanye ta shi ne jikinka. Kujera, cinyoyi, baya da wuya duk suna rage girgiza kafin ta kai ga kanka. Shi ya sa bidiyon da aka ɗauka daga jikin mahayi ya fi wanda aka ɗauka daga jikin babur lafiya.

A haɓar hular kwano

Ga mafi yawan mutane, nan ne ya fi. Kyamara tana kusa da tsayin idonka, tana ganin titi, hannuwanka da agogon gudu, don haka mai kallo yana jin kamar shi ne a kan babur. Duk inda ka juya kai tana bin ka. Tana kusa da bakinka, saboda haka ƙaramin makirfo a cikin hula zai kama muryarka ba tare da iska ta dame shi ba.

Sharaɗin shi ne sai kana da hular kwano mai rufe fuska duka, domin mai rabin kai ba ta da haɓar da za a manna komai. Idan hularka irin wadda gabanta ke ɗagawa ce, duba kada maɗaurin ya danne maɓallin buɗewa. Sannan ka ɗan ɗaga bakin kyamarar sama, saboda a kan tafiya mutum yakan sunkuyar da kai kaɗan ba tare da ya sani ba.

A saman hula ko gefenta

Saman hula yana ba da hange mai nisa, yana da kyau cikin cunkoso. Matsalarsa iska. Kyamara irin GoPro HERO12 nauyinta giram 154 ne, ba wani abu ba ne a hannu, amma idan ta tsaya ƙiƙam a saman kai kana gudu, iska za ta riƙa jan kanka baya, bayan awa guda wuyanka zai gaya maka. Tana kuma iya maƙalewa a reshen bishiya ko rumfar kasuwa.

Gefen hula yana karkatar da nauyi ɓangare ɗaya, kuma wani yanki na hular yakan shigo cikin hoto. Ya fi dacewa da ƙananan kyamarori marasa nauyi.

Ko'ina ka zaɓa a jikin hula, kada ka huda ta da ƙusa ko noti. An ƙera hular kwano da santsi ne don ta zame a kan kwalta idan an faɗi, kuma huji yana raunana ta. Yi amfani da maɗauri mai gam wanda zai iya ɓallewa idan ya bugu da ƙasa.

A ƙirji

Maɗaurin ƙirji yana ba da hoto mai nutsuwa, domin ƙirji ba ya waige-waige kamar kai. A babur irin Boxer da ake zama a miƙe, yana kama hannuwa, sitiyari da titi da kyau. A babur na gudu da ake kwanciya a kan tanki kuwa, tankin kawai za ka ɗauko. Kula da tufafinka ma: babbar riga ko gyale na iya kaɗawa su rufe gilashin kyamara. Ka kuma tuna cewa ka ɗora abu mai tauri a kan ƙashin ƙirjinka, wanda zai iya ƙara maka rauni idan ka faɗi rub-da-ciki.

A sitiyari

Nan ne ya fi sauƙin ɗaurawa da kai hannu, kuma za ka iya juyo kyamarar ta kalli fuskarka. Amma nan ne girgiza ta fi yawa. Idan dole ne, sa maɗauri gajere mai roba a ciki, kusa da tsakiyar sitiyari. Duk tsawon da ka ƙara wa sandar maɗauri, ƙara wa girgiza ƙarfi kake yi, shi ya sa ƙarfen madubi ba wuri ne mai kyau ba. Kafin ka tashi, juya kan babur har ƙarshe hagu da dama, ka tabbatar babu abin da ke taɓa tanki ko wayoyin birki, kuloci da totur.

Ga masu tunanin ɗaura wayarsu a nan maimakon sayen kyamara, a yi hattara. A 2021 kamfanin Apple ya gargaɗi masu iPhone cewa girgizar manyan baburan masu ƙarfin inji na iya lalata na'urar daidaita hoto da ta saita gani a kyamarar wayar. Ko a ƙananan babura, shawararsa ita ce a sa maɗauri mai shanye girgiza, kuma kada a mayar da abin na kullum. Gyaran kyamarar waya ba ƙaramin kuɗi ba ne.

A ƙasa-ƙasa ko a baya

Kyamarar da aka ɗaura kusa da ƙasa, a jikin ƙarfen da ke kare ƙafa, tana nuna gudu fiye da kowane wuri domin kwalta na wucewa dab da ita. Ta yi kyau ga gajeren yanki na ƙawata bidiyo, amma tsakuwa, taɓo da zafin inji da salansa duk suna kanta. A kariyar ɗaukar kaya ta baya za ka iya ɗaukar abokan tafiya da ke bin ka. Masu kyamara mai ganin ko'ina, irin Insta360 X3 ko X4, sukan sa ta a kan sanda a baya. Manhajar tana goge sandar, sai hoton ya fito kamar wani na bin ka a sama. Kada sandar ta yi tsawon da za ta taɓa mota ko mai tafiya a ƙasa.

Idan shaida kake nema

Wanda ke son kyamara don ta zama shaida idan an yi hatsari, buƙatarsa daban. Kyan hoto ba shi ne gaba ba, a ga lambar mota ne. Ɗaura ta a jikin babur tana kallon gaba, ka kunna tsarin da ke ɗauka yana goge tsohon bidiyo idan memori ya cika, ka kuma jona mata caji, domin batirin irin waɗannan kyamarori ba ya kai yini.

Kafin ka tayar da babur

Wanke wurin da za ka manna maɗauri, ya bushe sarai, ka danna shi sosai, ka bar shi awa 24 kafin ka ɗora kyamara. Maɗauri mai tsotsar jikin tanki ba ya jure ƙura da zafin rana, kada ka dogara da shi a hanyar burji. A kowane wuri, ƙara wata 'yar igiya mai ƙarfi tsakanin kyamara da babur ko maɗaurin ƙirji, gajeriya yadda ba za ta kai ga taya ba. A lokacin hunturu riƙa goge gilashin duk inda ka tsaya.

Yi gwajin minti 2 a unguwa, ka duba a wayarka, ka gyara saiti kafin doguwar tafiya. Kunna ɗauka kana tsaye, kada ka riƙa laluben maɓalli kana gudu. Kashe kyamara idan ka tunkari shingen jami'an tsaro ko barikin soja, kuma cire ta duk inda za ka ajiye babur.

Idan kyamara ɗaya gare ka kuma labarin tafiya kake son nunawa, fara da haɓar hula. Idan hularka ba mai rufe fuska ba ce, ƙirji ne na biyu. Sitiyari ka bar shi don ɗaukar fuskarka ko don shaida.