Shirin Musamman: Sifirin Mota da Hanyoyin Fadamar Kabi

Shirinmu na musamman a yau zai yada zango a garejin kanikawa da rumfunan masu walda na Birnin Kebbi da Argungu, domin mu dubi wata sana'a da kowa ke cin moriyarta, amma kaɗan ne suka tsaya suka yi nazarinta, wato ɗaga mota da ƙarfafa sifirinta don ta ratsa inda kwalta ba ta kai ba.

Duk wanda ya san ƙasar nan ya san cewa Gulbin Rima, bayan ya haɗu da na Sakkwato, yakan gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi yana shimfiɗa fadama mai faɗi har ya faɗa Kwara, kuma a wannan fadama arzikin shinkafa yake tun kafin a kafa Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, balle bayan da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, aka kuma buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017. To, amma tsakanin gona da bakin inji akwai taɓo idan damina ta yi nisa, akwai rairayi mai cin taya idan rani ya kama, akwai kuma kwazazzabai da ambaliya ke bari, irin wadda aka gani a 2020. A Amurka da Ostareliya mutum kan ɗaga motarsa don nishaɗi, da kayan da kamfani ya auna ya gwada. A nan kuwa lalura ce ta neman halali, kuma galibi abin da ke hannun maƙeri da mai walda da shi ake yin aikin.

Tun daga a-kori-kurar Peugeot har zuwa Hilux ta ƙasar Japan, bayan motar ɗaukar kaya a kan sifirin yake zaune: fallayen ƙarfe masu lanƙwasa, dogo a sama, gajeru a ƙasa, ƙusa guda ta ratsa tsakiyarsu, wasu ƙusoshi masu baki biyu sun ɗaure su da aksil. Mai son ya ɗaga ta yakan ƙara falle guda ko biyu, ko ya yanko ƙarfe mai kauri ya tsawaita maratayin da sifirin ke lilo a kansa, ko kuma, idan sifirin a bisa aksil yake, ya sa dunƙulen ƙarfe a tsakaninsu. Wanda ya tsawaita marataya da inci 2, abin da zai samu na tashi bai wuce kimanin inci 1 ba, saboda kai ɗaya kawai ya ɗaga. Haƙiƙa akwai basira a cikin wannan aiki, kuma wanda ya ga bakanike yana jera fallaye, yana auna lanƙwasarsu da igiya, yana ware na dama da na hagu don kada mota ta karkace, ba zai raina ilimin da ake gada a gareji ba.

Sai dai akwai mas'ala guda wadda nake so mu daɗe a kanta, domin a nan ne rayuka suke. Ƙarfen sifirin ba kamar rodin gini yake ba. A masana'anta ana gasa shi har zafinsa ya haura digiri 800, a tsoma shi cikin mai ya sandare, sa'an nan a sake mayar da shi wuta mai sauƙi, tsakanin digiri 400 da 500, har ya sami wannan ɗabi'a tasa ta lanƙwasawa ya koma yadda yake sau dubbai ba tare da ya gaji ba. Maƙeranmu sun fi kowa sanin darajarsa, shi ya sa suke neman tsohon sifirin su ƙera adda da gatari da wuƙa. To, idan falle ya karye aka kai shi ga mai walda ya haɗa, ko aka hura masa wutar gas aka ƙara masa lanƙwasa da ido, lalle zafin nan ya rushe horon da aka yi masa, wani wuri ya yi laushi, kusa da shi kuma ya yi gautsi; kuma ko da a ce aikin ya fito sumul, an shafe shi da baƙin fenti, mai mota ya biya yana godiya, ƙarfen yana nan da aibinsa a ɓoye, yana jiran ranar da za a loda masa buhuna a faɗa rami da gudu. A ganina falle da ya karye maƙera ce makomarsa, kada ya sake komawa ƙarƙashin mota. Haka nan ƙusoshin da ke ɗaure sifirin da aksil, bai halatta a lanƙwasa rodin gini a yi masa zare a ce an samu madadinsu ba.

Abu na biyu, direbobi da yawa suna zaton idan an ƙara falle an ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya ke nan, alhali aksil da birki da taya suna nan yadda kamfani ya yi su. Kuma ƙundun ƙarfen nan da ke tsakiyar aksil, wanda shi ne ke fara kartar ƙasa, sifirin ba ya ɗaga shi, sai dai babbar taya. Abin da ke tashi shi ne bodi da kayan da ke kansa. Kowane masunci a gulbin Matan Fada na Argungu ya san abin da ke samun kwalekwale idan aka tula masa kaya sama, mutane kuma suka miƙe tsaye. Haka motar da aka ɗaga take a kan kwana, musamman idan fasinjoji sun hau bisa buhuna ranar kasuwa. Tiyon birki ma yana da iyakar tsawonsa, in ba a sauya shi da dogo ba, yana iya tsinkewa sa'ad da ƙafa ta zurma rami.

Malamanmu sun lissafa sana'o'i cikin farillan kifaya, kuma ya ishi maƙeri alfahari cewa Annabi Dawuda, alaihis salam, sulke yake ƙerawa. Amma fiƙihun Malikiyya, kamar yadda ake karantarwa a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid a zaurukanmu, ya ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka damƙa masa. To, idan ana lamunin tufa a hannun maɗinki, ina ga motar da za ta ɗauki 'ya'yan mutane? Ga Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru a cikin Birnin Kebbi. Da ƙungiyoyin kanikawa da na masu walda za su nemi malamanta a zauna a kan sha'anin horon ƙarfe, da kowane ɓangare ya ƙaru da ɗan'uwansa.

Saboda haka, maigida mai gareji, idan direba ya ce maka, "Malam, ɗan ɗiga mini walda in kai kayan nan Kamba in dawo," ka ba shi haƙuri, ka nuna masa falle lafiyayye. Kai kuma direba, bayan lodin farko da ka yi da sabon aiki, koma gareji a sake ɗaure maka notocin sifirin, a duba tiyon birki, kafin ka sake nufar fadama.